Furar da Na Ƙwace a Gidan Dahala

Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa mini kafin ya bar ni in ƙetare iyaka in tafi karatu Sakkwato. Ya ce ba zai iya barci a Damagaram ba alhali 'yarsa tana wata ƙasa tana kwana inda babu babba. Ko dai in samu ɗaki a makaranta, ko in samu gidan mutunci mai dattijuwa a ciki, wadda za ta ce ta karɓe ni ya ji da kunnensa. In ya zo bayan Mauludi bai tarar da ɗayan biyun ba, in naɗe kayana mu koma tare. Mu biyu muka rage a gida tun rasuwar mahaifiyata, kuma Baba mutum ne da ba ya maimaita magana. A rumfarsa ta turare ma haka yake, in ya amsa maka sau ɗaya sai ya koma jan carbinsa.

Ɗakin makaranta dai ban samu ba. An cika maƙil kafin takarduna su gama zagaya ofisoshi, don kowane teburi na je sai an ɗaga takardar nan da aka rubuta da Faransanci a yi ta juya ta, a dube ni, a sake juya ta. Wata 'yar ajinmu ce ta ji tausayina ta ce in raɓa a gadonta. 'Yar Unguwar Rogo ce, Bafulatana siririya mai bakin tsiya, babanta dillalin shanu ne a Kara. Haka muka riƙa kwana kai da ƙafa a kan katifar da mutum ɗaya ma sai ya yi dabara. Na sani sarai wannan ba abin da zan nuna wa Baba ba ne. Amma Mauludi da saura, ga ni kuma a Sakkwato, garin da tun ina ƙarama nake jin tsofaffi suna ambatonsa suna shafa fuska. Sai na ture damuwar gefe na ce bari in ga gari tukuna.

Jami'ar tana can bayan gari, sai an bi ta fadama an haye gada. Ranar da muka fara shigowa cikin birni ni da ƙawar tawa, zafi ya gasa mu a mota har na daina magana, abin da ba kasafai yake faruwa da ni ba. Muna sauka muka nufi gindin wani dogon yaro inda mata suka jera ƙoren fura da nono. Ina sanye da lafaya, na kuma sha humra kamar yadda aka saba a gidanmu, don mu Barebari ne, ko da yake da Hausa muka tashi. Ban ko tsuguna ba mai furar ta ɗaga hanci ta shaƙi iska.

"Wanga ƙamshi na san shi," in ji ta. "Ke, baiwata, yaushe kiz zo garin ga ba ki taho kin gaishe ni ba?"

Wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Kowa cewa yake ɗan'uwansa bawansa ne, a yi ta jifan juna da magana, kuma haramun ne a yi fushi. A Damagaram sai ranar kasuwa nake samun Bafulatanar da zan tsokana. Nan kuwa gari ne guda, kowa ka taɓa sai ya ce maka kakansa da sanda ya zo. Na gyara tsayuwa na ce, "Ni ce baiwarki? Ke da kakanki ya je Barno yana roƙon kanwar da zai ba shanu? Dama mini fura, kuma kada ki tsuga ruwa, na san halinku."

Matan suka kwashe da shewa. Ta dama mini fura mai kauri har ludayi yana tsayawa, ta ƙara mini nono kyauta wai sadaka ce ga bayi. Tun daga ranar na ɗauki Sakkwato gonar gado.

Duk ranar da babu darasi sai mu shigo. A aji ni kurma ce, Turancin malamai yana wuce ni kamar motar da ba ta tsayawa a tasharmu, sai in yi ta gyaɗa kai in na fita in kwafi na ƙawata. Amma da zarar mun haye gadar nan bakina ya buɗe. Muka je majema, inda ake jeme fatar jar akuya, wari ya kusa kayar da ni, na ce da mai gidan wannan ne turaren Fulani, ya ce ai gara shi da na Barebari mai sa ciwon kai. Muka je marina na tsoma yatsa a baba, na yi kwanaki da shuɗin farce ina nuna wa kowa. Muka shiga tsohuwar kasuwa muka ɓace a layin masu tabarmi, muka ɓullo a layin masu albasa muna hawaye muna dariya. Na ci hoce, wainar dawar nan tasu, har ya ishe ni. Na koyi hawa kabu-kabu, wato babur ɗin haya, da lafaya ba tare da ta shiga taya ba, bayan ta shiga sau ɗaya na koma makaranta da rabin zane.

Kara kuwa ita ce fadata. Ranar da ƙawata ta kai ni in gaida babanta, muka same shi a tsakiyar shanu da hannunsa cikin hannun wani Bafulatanin daji, sun lulluɓe da gefen riga suna ciniki da yatsu. Yana ganina ya saki hannun.

"Wa yak kawo muna Babarbariya cikin Kara? Ku riƙe shanu da kyau, kada ta yi musu zane ga fuska!"

Na durƙusa na gaishe shi kamar 'yar kirki, sannan na ce, "Baba, dukiyata na zo dubawa, in ga ko kuna kiwon da kyau. Waccan farar ta rame, wa ke shanye mata nono?" Dillalai suka yi ta buga cinya. Da za mu tafi ya sa aka ƙunso mana kilishi, ya ce in ci in yi ƙiba ko na yi daraja in an tashi sayar da ni.

Ba ko'ina wasan yake ci ba. A Sabon Gari na ga wani dogo fari a shagon yadi, na yanke hukuncin Bafulatani ne, na buɗe masa wuta. Mutumin ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko yadi nawa za a yanko. Daga baya ƙawata ta ce mini ko Hausar kirki ba ya ji, daga kudu ya zo. Ta yi mini dariya har muka isa makaranta.

Wuri ɗaya ne bakina ya mutu da kansa, wato Hubbare, inda kaburburan shugabannin jihadi suke. Mun cire takalma tun daga waje, muka bi bayan wasu tsofaffin mata da suka zo ziyara daga nesa, ƙafafunsu duk faso. Ba abin ado a wurin, ƙasa ce da bango da sanyin inuwa. Na tuna mahaifiyata ta sha cewa in Allah ya ba ta iko za ta zo, ba ta kuwa zo ba. Na yi mata addu'a na yi kuka mai isata, ƙawata ta tsaya gefe tana jirana. Da muka fito ta saya mini rake.

Ina cikin wannan shagali sai na ji yara sun fara bitar waƙoƙin Mauludi a makarantun allo. Mauludi ya ƙarato ke nan. Na shiga neman gida ido rufe. Gidan su ƙawata ba zai yiwu ba, don zaurensu kullum cike yake da fataken shanu, Baba ko leƙawa ba zai yi ba. Inda ake ba da haya babu babba, inda akwai babba ba a son ɗaliba. Na fara lissafin yadda zan koma Damagaram in zauna ina ɗura turare a kwalba, ƙawayena na tambayata ina digirin. Tsoro ya kama ni sosai, don na riga na ƙwallafa rai a garin nan.

Mahaifiyar ƙawata ce ta kawo shawarar Inna ta unguwar Gidan Dahala. Ta ce tsohuwa ce daga babban gidan malamai na cikin gari, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka gina mata gida a can suka dawo da ita. Ɗaya alƙali ne, ɗaya yana koyarwa, sauran suna manyan ofisoshi. Akwai ɗakuna a rufe ba kowa. Sai dai ta ja mini kunne, ta ja na ƙawata.

"Gidan ga ba Kara ba ta. Ba a ɗaga murya, ba a dariya da haƙora waje. Ki tuɓe lafayag ga ki sa hijabi, kada ki shafa komi. In kin shiga ki duƙa, ki dubi ƙasa. Wanga baki naki ki bar shi nan, in kun dawo ki ɗauka."

Haka aka yi. Na sa hijabin aro har ƙasa, ban shafa ko man kirki ba, na zama kamar wadda aka aiko daga gidan makoki. Muka isa da azahar, rana tana dukan ƙeya. Matar alƙalin ce ta karɓe mu a falo, mace mai fara'a daidai gwargwado. Muka durƙusa a kan kafet, ƙawata ta yi bayani, ni ina kallon yatsun ƙafata ina cewa "na'am" a inda ya dace da inda bai dace ba. Matar ta saurara har ƙarshe. Ta ce Allah sarki, ta ji tausayina ƙwarai, amma Inna ta tsufa, ba ta son hayaniya, kuma maigidan ya ce kada a riƙa damunta da baƙi. Ko ganinta ba za mu yi ba, tana hutawa. Ta yi mana addu'ar Allah ya haɗa mu da mafi alheri, ta ce mu bi ta ƙofar baya don maza sun cika zaure.

Na fito raina a ɓace, maƙogwarona a bushe. Na yi ladabin da ban taɓa yi ba a rayuwata, ko ruwa bai saya mini ba. A tsakar gidan baya akwai inuwar dogon yaro, da wata saniya ɗaure a turke, da wata tsohuwa zaune a kan buhu ta miƙe ƙafa tana dama fura a ƙwarya. Zanenta ya koɗe, kallabinta ya zame, ga dogon hanci, ga baƙin leɓe irin na matan Fulani na da. Na ce a raina mai kawo musu nono ce. Duk abin da na danne tun safe ya taso mini gaba ɗaya.

Na tafi kai tsaye na tsuguna gabanta. Na ce, "Ke baiwata, uwargijiyarki tana tsaye cikin rana kina dama fura ba tayi? Haka aka koya miki a rugar?" Na sa hannu biyu na ɗauke ƙwaryar daga cinyarta, na karɓe ludayin, na kai baki. Furar ta yi daɗi, har da ɗan yaji-yaji na citta. Na sha na ƙara, sannan na ce, "Ba laifi. Saura ki rage rowar nono. Waccan saniyar ma tawa ce, ajiya na ba kakanki."

Sai a lokacin na lura ban ji dariyar ƙawata ba. Na waiga na gan ta zube a ƙasa, goshinta ya kusa taɓa turɓaya, tana yi mini wani irin kallo ta gefen ido. Ga matar alƙali a bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

"Inna!" in ji ta. "Inna, ki yi haƙuri, ba ta sani ba!"

Ludayin yana bakina. Na rasa yadda zan yi da shi, in cire ko in bar shi. Na ga Damagaram ƙiri-ƙiri a gabana, har da rumfar Baba da kwalaben turare.

Tsohuwar ta ɗaga hannu ta tsayar da surukarta. Ta daɗe tana kallona da ƙananan idanunta. Ta matso da fuskarta ta shinshina hijabina, don humra ba ta barin jikin mutum saboda wanka ɗaya.

"Mi kic ce? Maimaita."

Na ce, "Inna, don Allah..."

"Ba wannan ba. Na farko."

Na haɗiye furar da ƙyar. Na ce a raina tunda an riga an kore ni, me ya rage? Sai na ce, "Cewa na yi saniyar tawa ce."

Sai kafaɗunta suka fara motsi. Dariya ce take fitowa a hankali, irin ta wanda ya daɗe bai yi ba, har ta koma tari, har hawaye suka zubo mata. Ta kama kunnena ta murɗa da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Ɓarauniya ɗiyar ɓarayi! Babarbariya har cikin gidana, har cikin ƙwaryata!" Ta juya ga surukarta. "Can cikin gari ina da maƙwabciya irin wagga. Kullum sai ta shigo ta zage ni ta ɗauke mini abu. Tun da tar rasu ba wanda yaz zage ni. Kowa yaz zo sai shi duƙa shi yi ƙasa da murya, kamar Hubbare yaz zo ziyara. Ni ko ban mutu ba."

Matar alƙali ta fara cewa ai maigidan ya ce, Inna ta katse ta. Ta ce alƙalin ita ta haife shi, hukuncinsa ya tsaya a kotu. A buɗe ɗakin da ke kusa da nata a share, baiwa ba ta kwana nesa da uwargijiyarta. Sannan ta ce in shanye furar tunda na sa mata baki, ba mai sha bayan Babarbariya.

A hanya ni da ƙawata muka riƙa tsalle kamar yara, har wani mai kabu-kabu ya tsaya yana tambaya ko lafiya. Washegari na kwaso kayana. Amma murnata ba ta cika ba, don saura Baba, kuma Inna ta rantse sai ta yi masa tarbar da ta dace da shi. Na roƙe ta, na ce Baba ba irina ba ne, rabon da in ga haƙoransa tun mahaifiyata tana da rai. In ya ji an taɓa shi zai iya miƙewa ya ce in ɗauko jakata. Ta ce in tafi in ba saniya dusa in daina koya mata aikinta.

Baba ya iso da hantsi bayan Mauludi, cikin farar rigarsa, zanen fuskarsa ya ƙara fitowa don ramar da ya yi. Aka shimfiɗa masa darduma a falo. Inna ta shigo da sandarta, yau ta sha mayafi mai kyau, ta zauna nesa kaɗan. Ni ina bakin ƙofa a durƙushe. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya da iyaka da mutanen gida. Har na fara sakin jiki.

"To," in ji Inna, "ashe bawan ya iso. An ce mini mai turare na. Ka taho da gaisuwar uwargijiyarka, ko sai na aika an kamo ka?"

Carbin Baba ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi labule, ya dubi fanka tana juyawa.

"Hajiya," in ji shi a hankali, "ni zuwa na yi in gani da idona. An ce mini Fulani sun fara kwana a ɗaki, na ce ƙarya ne. Ashe har da fanka. Wa ya koya muku kunna ta?"

Inna ta buga sanda a ƙasa ta ƙyalƙyale. Baba ma ya yi dariya, ta gaske, har hularsa ta karkace ya sa hannu ya gyara. Na toshe bakina da mayafi, ban san ko dariya nake ko kuka ba. Suka yi ta yi, ita ta ce kanwa, shi ya ce nono, har aka kawo abinci ya huce. Daga baya ta gyara zama, muryarta ta sauya. Ta ce, "Malam, ɗiyarka amana ta. Na karɓa, Allah shina gani." Baba ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, ya gode, Allah ya saka da alheri.

Na raka shi tasha da la'asar ina ta zuba, ina nuna masa hanyar Kara, ina ba shi labarin majema da marina, ina cewa in ya sake zuwa zan kai shi ko'ina. Yana ta gyaɗa kai. Da mota ta cika ya sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ya tsaya, bai dube ni ba.

"Na so a ce ba ki samu masaukin ba," in ji shi. "Duk hanya addu'ar da nake yi ke nan, Allah ya yafe mini. Ki zauna ki yi karatunki. Amma ki riƙa kirana bayan magariba, gidan ya yi mini shiru da yawa."